An Sauya Windows, Firinta Ta Yi Gum: Inda Matsalar Take da Yadda Ake Kwance Ta

Firintar da ta buga takardu lafiya lau ranar Alhamis, aka ɗora wa kwamfuta sabuwar Windows ranar Juma'a, sai ta wayi gari Asabar ta yi gum, da wuya a ce ita ce ta lalace. Kafin ka ɗauke ta zuwa wajen mai gyara, ko ka fara zargin tona da katirij, cire wayar USB ka sa ta buga shafin gwaji da kanta. Masu ƙaramin allo suna da wannan a cikin jerin rahotanninsu, wasu kuma sai ka danne maɓalli ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi. In takarda ta fito tsaf, to injin ƙalau yake, maganar tana cikin kwamfuta. Irin su HP LaserJet 1020 da ba su da maɓalli ko ɗaya a sama, sai ka jona su da wata kwamfutar da ba a taɓa ba ka gani.

Wannan matsala ta yi yawa tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu sun yi ta komawa Windows 11, alhali firintocin da ke kan teburinsu wasu sun haura shekara goma sha biyar, da yawa ma na hannu aka sayo su.

Abin da ke tsakanin kwamfuta da firinta shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke yi musu tafinta. Amma ba duk firinta ce take dogara da tafintan nan daidai da 'yar'uwarta ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Akwai firintocin da ke da ƙwaƙwalwar kansu, suna jin sanannen yaren bugu kamar PCL 5, PCL 6 ko PostScript. HP LaserJet 1320, P2055 da Pro 400 M401 suna cikin wannan rukuni, haka manyan injinan fotokwafi na Ricoh, Kyocera, Sharp da Konica Minolta. Waɗannan ba sa ba da wahala. Ko an rasa direban da ke ɗauke da sunansu, direban gama-gari na kamfanin yana tuƙa su, kamar HP Universal Print Driver ko KX na Kyocera.

Sai ɗaya rukunin, wanda shi ne ya cika shagunanmu saboda araha da juriya: HP LaserJet 1018, 1020, P1005, P1006, P1102, da Canon LBP2900 da LBP6030. Waɗannan kwamfuta ce take yi musu duk lissafin shafi, ta mayar da shi ɗigo-ɗigo, sannan ta tura musu da wani yare da kamfanin ne kaɗai ya tsara. Na LBP2900 sunansa CAPT, na LBP6030 kuma UFR II LT. Ita 1020 da 1018 da P1005 abin nasu ya fi haka: duk lokacin da aka kunna su, sai kwamfuta ta aiko musu da manhajar cikinsu kafin su iya komai. Shi ya sa in direba bai zauna daidai ba, za ka ga fitila a kunne, aiki ya bar layi kamar an buga, amma ko motsi ba ta yi ba. Ɗora wa irin waɗannan direban gama-gari ɓata lokaci ne da ɓata data. Nasu kawai suke ji.

Don haka tambayar farko ita ce: wane rukuni firintarka take? Lambar da ke jikinta za ka rubuta a shafin kamfanin, ka duba bayanin yaren da take ji. Ka kula da haruffan ƙarshe, domin P1102 daban, P1102w daban.

Tambaya ta biyu ita ce 32 ko 64. Windows 7 da Windows 10 sun zo iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64, amma Windows 11 mai 64 ce zalla. Direban da aka rubuta don 32 ba ya hawa kan 64, kuma babu wata dabara da za ta sa ya hau. Tsohon faifan CD da ya zo cikin kwali, ko fayil ɗin da ake ta yawo da shi a filas tun zamanin Windows XP, sau da yawa na 32 ne. Canon ya fitar da direba mai 64 na LBP2900, HP ma ya fitar na 1020, kuma suna aiki a sabuwar Windows. Amma HP LaserJet 1000 da Canon LBP-1120 ba su samu ba. Mai irin waɗannan ya tsallaka ƙasa, inda na yi maganar firintar da ba ta da direba.

Share tsohon kafin a kawo sabo

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shiga Settings a danna Remove a kan firintar, a sake ɗora ta, a ga matsalar tana nan. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Abin da aka cire sunan firinta ne kawai, shi kuwa direban yana nan kwance a ma'ajiyar Windows, kuma da an jona waya shi za ta sake ɗaukowa. Saƙon nan na Driver is unavailable yawanci daga nan yake.

Fara da cire wayar USB, kada ka mayar da ita sai an gama. Cire firintar daga Printers & scanners a cikin Settings, har da kwafe-kwafenta masu Copy 1 da Copy 2. In akwai manhajar kamfanin a cikin jerin manhajojin da aka ɗora, cire ta ita ma.

Daga nan buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta:

net stop spooler

Wannan ya tsayar da Print Spooler, sashen da ke jera ayyukan bugu a layi. Shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge duk fayilolin da ke ciki, masu ƙarewa da SPL da SHD. Fayilolin kaɗai, ba jakar ba. Waɗannan ragowar ayyuka ne da suka maƙale, kuma a inda ake ɗauke wuta ana tsakiyar bugu ba a rasa su. Guda ɗaya da ya lalace ya isa ya sa sashen ya riƙa mutuwa duk lokacin da ya tashi. Sai ka rubuta:

net start spooler

printui /s /t2

Umarni na biyun zai buɗe jerin duk direbobin firinta da ke cikin kwamfutar. Zaɓi naka, danna Remove, ka zaɓi Remove driver and driver package. Na biyun nan shi ne muhimmi. In ta ce ana amfani da direban, sake tsayar da sashen ka tayar da shi, ka yi maza ka danna kafin ya sake riƙe fayilolin. In ya ci gaba da taurin kai, rubuta pnputil /enum-drivers, ka nemo wanda ke ɗauke da sunan kamfanin firintarka. Za ka ga an ba shi suna kamar oem23.inf. Sai ka rubuta pnputil /delete-driver oem23.inf /uninstall /force, da lambar da ka gani a taka kwamfutar, ba wadda na rubuta nan ba. A nan a yi hattara sosai: goge na wata na'ura bisa kuskure yana iya ɗauke maka sauti ko intanet.

Kashe kwamfutar ta hanyar Restart, ba Shut down ba. Da Fast Startup, zaɓin da ke sa Windows ta tashi da sauri, a kunne, Shut down ba ya sauke komai gaba ɗaya, yana adana wani ɓangare ne ya dawo da shi.

Idan manhajar ɗorawa ta ƙi

Sau da yawa direban lafiyarsa ƙalau, manhajar da ke ɗora shi ce take gardama. Tana duba lambar Windows, ta ga wadda ba ta sani ba, ta ce ba ta goyon bayan wannan tsarin. Compatibility mode yana iya yaudarar ta: danna dama a kan fayil ɗin, Properties, Compatibility, ka zaɓi Windows 7 ko 8. A sani dai wannan yaudarar a kan manhajar ɗorawa ta tsaya, ba ta sauya komai a jikin direban.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a tsallake manhajar gaba ɗaya. Yawancin fayilolin nan ƙunshi ne kawai, manhajar 7-Zip tana kwance su. A ciki nemi jaka mai suna x64 ko 64bit, wadda ke da fayil mai ƙarewa da INF. Jona firintar ka kunna ta, ka shiga Add device, ka jira sai Add manually ya bayyana, ka zaɓi Add a local printer or network printer with manual settings. Za a tambaye ka ƙofa, wato Port, hanyar da aiki ke bi daga kwamfuta zuwa firinta. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami, domin abin da ke zaɓe tun farko shi ne LPT1, tsohuwar ƙofa mai faɗi da kwamfutocin yanzu ba su da ita. Firintar USB ƙofarta USB001 ce, ko USB002 in an taɓa jona wata. Wasu tsofaffin HP irin 1320 suna amfani da DOT4_001. Bayan ƙofa sai Have Disk, ka nuna masa fayil ɗin INF.

In ka ga USB001 da USB002 da USB003 duka, ba ka san wacce ce mai rai ba, babu laifi ka gwada su ɗaya bayan ɗaya a shafin Ports na Printer properties, kana buga shafin gwaji. In kuwa babu ko ɗaya, to kwamfutar ba ta ga firintar ba tukuna. Duba Device Manager ko akwai USB Printing Support. Sauya waya, ka ɗauki wadda ba ta wuce mita biyu ba, ka jona ta kai tsaye ba ta cikin mahaɗar USB mai baki da yawa ba. P1102 tana da wata ɗabi'a tata: wani lokaci takan bayyana a matsayin faifan CD maimakon firinta, saboda tsarin Smart Install da aka saka mata. Sai direbanta ya hau ko an kashe wannan tsarin sannan take nuna ainihin fuskarta.

Wata magana a gefe. Manhajojin nan masu alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, da shafukan da ke da maɓallin Download guda biyar a shafi ɗaya, gyaran gangar Auzinawa ne. Direba daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar ake ɗauko shi, ko daga Windows Update. A cikin jerin da ke fitowa lokacin ɗorawa da hannu ma akwai maɓallin Windows Update, wanda ke ƙaro tsofaffin samfura masu yawa. Yana ɗaukar mintuna kamar ya sandare, a bar shi ya gama.

Firintar da ke kan netwok

Wadda aka jona da wayar netwok ko Wi-Fi, sabuwar Windows tana son ta kama ta da kanta ta hanyar ƙofar WSD. Ranar farko komai daidai, bayan kwana biyu a ga Offline alhali ga ta nan a kunne. Maganin shi ne a ba firintar adireshin IP tsayayye, misali 192.168.1.50, daga allonta ko daga rauta, sannan a ƙirƙiri Standard TCP/IP Port da wannan adireshi, Raw, lamba 9100. In har yanzu tana nuna Offline, shiga Configure Port ka cire alamar SNMP Status Enabled. Windows tana aika mata tambaya ne ta wannan hanya, in ba ta amsa ba sai ta ɗauka ta mutu. Adireshi tsayayye yana da ƙarin amfani a wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, domin duk lokacin da rauta ta mutu ta tashi tana iya raba adireshi sabo.

Abin da ya fi cin rai shi ne firintar USB da aka raba daga kwamfuta ɗaya zuwa sauran, tsarin da kusan kowane ƙaramin ofis ke kai. A 2021 aka gano wata ɓaraka a Print Spooler da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, wadda ke ba ɓarayin intanet damar mallake kwamfuta ta hanyar sashen bugu. Matakan da Microsoft ya ɗauka sun sauya dokokin rabawa. Daga Agustan shekarar, ɗora direba daga wata kwamfuta sai mai izinin Administrator. Daga Satumba kuma aka tsaurara yadda kwamfutocin biyu ke tantance juna, abin da ya haifar da kuskure mai lamba 0x0000011b, musamman in ɗaya ta samu sabuntawa ɗaya ba ta samu ba. Da fitowar Windows 11 mai lamba 22H2 ta zo, ta sauya hanyar da take bi wajen magana da mai rabawa, sai 0x00000709 ya yawaita.

Za ka ga ana yaɗa maganin 0x0000011b: a shiga Registry, wato ma'ajiyar saitunan Windows, na kwamfutar da ke rabawa, a ƙirƙiri RpcAuthnLevelPrivacyEnabled a ba shi 0. Yana aiki, amma cire kariyar da aka saka ne, don haka ba shi zan fara ba. Abin da ya fi tsafta: a sabunta kwamfutocin duka su zo daidai, a ɗora direba iri ɗaya a kowacce da hannu, sannan a kwamfutar da ke neman bugu a ƙara firintar a matsayin ta gida, a zaɓi Create a new port, Local Port, a rubuta sunan ƙofar kamar haka: \\SUNAN-KWAMFUTA\SUNAN-FIRINTA. Sunan rabawar ya zama gajere, babu tazara a ciki. Da wannan an kauce wa jan direba ta netwok gaba ɗaya. Ga 0x00000709 kuma, a Windows 11 Pro akwai Configure RPC connection settings a cikin Group Policy ƙarƙashin Printers, inda ake mayar da shi RPC over named pipes. Sannan kwamfutar da ke rabawa ta kasance da asusu mai kalmar sirri, domin sababbin fitowar Windows 11 ba sa son shigar baƙo mara suna. Firintocin CAPT dai ba su cika yarda da dabarar Local Port ba, saboda suna buƙatar magana ta kai da komo da kwamfuta.

Injin fotokwafi da ke bugawa amma ya daina tura sikanin cikin jakar kwamfuta, wannan ba direba ba ne. Tsofaffin injina suna amfani da SMB1, tsohon tsarin tura fayil ta netwok, wanda Windows ta daina sakawa da kanta tun fitowar 1709 ta Windows 10. A nemi sabunta manhajar cikin injin, ko a koma tura sikanin ta FTP, imel ko filas.

Tana bugawa, amma ba kamar da ba

Gefen ƙasa yana yankewa, ko injin ya tsaya yana neman takarda alhali tire a cike? Duba girman takarda. Sabon direba yakan zo a kan Letter, ma'aunin Amurka mai milimita 216 da 279, mu kuwa A4 muke amfani da ita, 210 da 297. Ana gyara shi a wuri biyu, Printing preferences da kuma Printing Defaults a shafin Advanced. In aka gyara ɗaya aka bar ɗaya, sai ya riƙa dawowa. Takardar JAMB ko ta NIN da lambar ƙasa ta yanke sau da yawa daga nan ne.

In kuwa tana ta fitar da shafuka masu layi ɗaya na baƙaƙe marasa ma'ana, an ba ta yaren da ba ta ji, misali PostScript ga wadda PCL kaɗai ta sani. Kashe ta nan take, share layin bugu, kafin ta cinye rabin rim.

Akwai kuma ɓacewar zaɓuɓɓuka: babu bugun gaba da baya, babu tire na biyu, a Epson L3150 ko L3250 babu shafin Maintenance da ake wanke kan tawada, babu bugun hoto mara gefe. Shiga Printer properties, Advanced, ka karanta sunan direban. In ka ga Microsoft IPP Class Driver, to Windows ta ɗora nata na gama-gari ne. Yana bugawa, amma bai san keɓantattun abubuwan injinka ba. Ɗora na kamfanin, sannan ka leƙa Device Settings ka nuna masa cewa akwai Duplex, wato bugun gaba da baya, da ƙarin tire.

Wannan direban na IPP, wato tsarin bugu na bai-ɗaya da ba ya buƙatar direban kamfani, shi ne inda aka dosa. A 2023 Microsoft ya sanar cewa sannu a hankali zai daina rarraba sababbin direbobin kamfanoni ta Windows Update, a koma kan IPP da firintocin da ke da shaidar Mopria, wadda ke nuna suna jin wannan tsari. Windows 11 24H2 ta zo da wani zaɓi, Windows protected print mode, a ƙasan shafin Printers & scanners. A kashe yake zuwa. Wanda ya kunna shi don ya ga sunan ya yi kama da tsaro, zai ga duk firintocin da ke kan direban kamfani sun ɓace, kuma ko ya kashe shi daga baya sai ya sake ɗora su. Haka kwamfutocin tafi-da-gidanka masu ƙwaƙwalwar Snapdragon: direban x64 da aka saba ba ya hawa kansu, sai wanda aka rubuta don irinsu, wato Arm64, ko IPP. Mai 1020 ko LBP2900 ya san da wannan kafin ya biya kuɗi.

Wadda ba ta da direba kwata-kwata

Injin da ke da rai ba a jefar da shi don direba. A ware masa tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 ko 10 ta bit 32, a cire ta daga intanet, a riƙa kai mata aiki a matsayin PDF. Ko a ɗora wa tsohuwar kwamfutar Linux: tsarin bugunta, CUPS, yana aiki da direbobi irin foo2zjs da ke tuƙa LaserJet 1000, 1018 da 1020, sannan ya raba firintar ta IPP a ƙofa 631, yadda Windows 11 da wayoyi za su gan ta kamar sabuwa. Ƙananan firintocin rasit masu milimita 58 da 80 kuma, da yawansu suna karɓar rubutu zalla ta direban Generic / Text Only da ke cikin Windows, sai dai ba tambari ba hoto.

Wanda bai riga ya sauya Windows ba, ya fara kwashe direbobinsa. Umarnin pnputil /export-driver * E:\direbobi zai kwafe su duka zuwa filas, in dai an ƙirƙiri jakar tukuna. Ya kuma ɗauki hoton shafin Ports da na Device Settings da waya. Wanda ya riga ya sauya ta hanyar ɗorawa a kan tsohuwa, yana da kwana 10 da zai iya komawa ta Settings, System, Recovery, Go back. Damar tana rataye ne da jakar Windows.old da ke cikin C, don haka a cikin kwanakin nan kada a bar Disk Cleanup ko wata manhajar shara ta taɓa ta.